Faiba ta yanke ana tsakiyar karatu: ko rautar sim za ta iya karɓa da kanta?

Malamar Hotoro

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar intanet ɗin gida. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin, so nake ku ga yadda gidan yake kafin ku ba ni amsa.

A Hotoro nake a Kano, ina koyar da yara karatun Alƙur'ani da Hausa ta Zoom. Yawancinsu 'ya'yan mutanenmu ne mazauna Ingila. Kowane yaro da rabin awarsa, kwana huɗu a mako, muna farawa bayan sun taso daga makaranta. Lokacin sanyinsu, da agogonsu ke komawa baya da awa ɗaya, karatun kan kai mu har bayan isha'i.

Talatar makon jiya wata yarinya 'yar shekara tara tana kawo min haddar Suratul Mulk, ta kai aya ta goma sha biyar, sai fuskarta ta daskare a allo, bakinta a buɗe. Na jira, na kira sunanta, shiru. Na fita falo na duba akwatin faiba (wayar intanet da kamfani ya jawo mana gida) da ke maƙale a bango, na tarar wata 'yar fitila da aka rubuta LOS a ƙasanta tana ƙyaftawa ja. Ashe masu haƙa magudanar ruwa a bakin titinmu ne suka datse wayar. Kwana uku cur kafin a gyara.

A kwanakin nan uku da hotspot ɗin wayata na lallaɓa. Wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, ga caji na zuba, sannan da zarar kira ya shigo sai karatun ya tsaya. Abin da ya fi damuna shi ne yarinyar nan sati biyu ta yi tana fama da wannan surar, ranar ce ta farko da ta taho da ita tiryan-tiryan ba gargada, kuma ban ji ƙarshenta ba. Iyayen nan sun biya kuɗin wata, sun ba ni amanar 'ya'yansu. Ba na son haka ta sake faruwa.

Ga abin da ke gidan. Akwatin faiba na kamfanin, daga shi waya ta shiga rautar TP-Link Archer C6, ita ke ba gidan Wi-Fi. A kanta laftof ɗina yake, da firintar maigida, da talabijin, da na'urar kyamarorin tsaro guda huɗu, da wayoyin mutanen gida. Ƙanina ya kawo min rautar Huawei B311 mai cin sim, ya ce in ajiye ta saboda irin wannan rana. Na gwada ta, tana yi, amma sai na tashi na kunna ta, na cire laftof daga Wi-Fi ɗin gida na mayar da shi kan nata, firinta da kyamarori kuwa su tsaya.

Tambayata: za a iya mayar da rautar sim ɗin nan ta zama kamar modem kawai, ta riƙa zuba intanet cikin rautar gidan, idan faiba ta ɗauke ta karɓa da kanta, idan ta dawo ta sakar mata? Sunan Wi-Fi ya zauna yadda yake, kada in taɓa komai ina cikin karatu. Me zan ƙara saya, me kuma ba sai na saya ba? Na gode.

Injiniya Sharaɗa

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka da alheri kan karantar da yaranmu. Abin da kike so yana yiwuwa, na haɗa irinsa a gidaje da shaguna da dama, amma Archer C6 ita kaɗai ba za ta yi ba, domin ƙofar shigowar intanet ɗaya gare ta, wadda aka rubuta WAN a kanta. Ke kuma ƙofa biyu kike buƙata, da wanda zai tsaya a bakin ƙofar yana zaɓar wadda za a bi.

Abin da na fi ba mutane shawara shi ne ƙaramar na'ura mai ƙofar WAN fiye da ɗaya, irin TP-Link ER605. Ba ta da Wi-Fi, aikinta kawai tsayuwa a tsakiya. Waya daga akwatin faiba ta shiga WAN na farko, waya daga B311 ta shiga na biyu, sannan wata ta fito ta shiga Archer ɗinki. Archer ɗin za a mayar da ita Access Point a cikin saitinta, wato ta daina raba adireshi, ta tsaya ga ba da Wi-Fi kawai. Suna da kalmar sirri suna nan yadda suke, firinta da talabijin ba za su ma san an yi wani sauyi ba. Wannan mataki ba na ganin dama ba ne, domin ER605 da Archer duka da adireshi ɗaya, 192.168.0.1, suke zuwa daga kamfani, idan aka bar su haka za su yi karo. B311 ita tana kan 192.168.8.1, ba ruwanta da su. Kafin a cire komai kuma, a leƙa cikin Archer a gani ko da PPPoE take shiga faiba. In haka ne akwai suna da lambar sirri da kamfanin ya ba ku, sai an kwashe su an zuba a sabuwar na'urar. Mutane da yawa ba su san suna da su ba sai ranar da aka sauya rauta.

Wani zai ce miki ki sa rautar sim ɗin a gaba, faiba ta shiga cikinta. Akwai rautocin da aka gina don haka, kamar Archer MR600, da ke karɓar faiba ta ƙofar WAN ta koma kan sim idan ta yanke. Amma taki B311 ramin waya ɗaya ne da ita, idan faiba ta cinye shi babu inda Archer za ta jona, Wi-Fi ɗinta kuma 2.4GHz ne kawai. Ba zan kai ki can ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne masu haɗawa da yawa ke faɗuwa. Ranar da aka datse wayar ku a titi, akwatin faiba bai mutu ba. Yana da wuta, wayar da ke tsakaninsa da rauta lafiyarta lau. In rauta tana duba wannan wayar ce kawai, za ta ce komai daidai, ta ci gaba da tura ki cikin rijiyar da ba ruwa. Saboda haka dole a kunna abin da ake kira Online Detection, a sa ta riƙa ƙwanƙwasa wani adireshi na can waje, kamar 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. In ta ƙwanƙwasa ba amsa, ta san hanya ta mutu, ta juya kan sim. Sannan a saita Link Backup, faiba ce uwa, sim ɗin mai jiran gado. Kada a bari ta riƙa raba kaya tsakanin layukan biyu, in ba haka ba datarki za ta riƙa tafiya alhali faiba na nan garau.

Maganar mayar da B311 modem zalla: sunan saitin Bridge Mode, wasu na'urorin su ce IP Passthrough. Wasu rautocin suna da shi, wasu kamfanin layin da ya sayar da su ya ɓoye shi. In kin same shi ki kunna, in babu kada ki tayar da hankalinki. Abin da zai faru kawai shi ne bayananki su bi ta rauta biyu kafin su fita, Zoom kuma ba ya damuwa da wannan. Ki dai kashe Wi-Fi ɗin B311 ɗin, kada wayoyin yara su riƙa hawa kanta kai tsaye.

Gaskiya ɗaya da ya kamata ki sani tun yanzu: sauyin ba ya faruwa ba tare da an ji ba. Adireshinki na waje zai canza, hoton zai tsaya na ɗan lokaci, Zoom ya sake haɗa kansa. Abu ne na daƙiƙoƙi, wani lokaci ya kusa minti, ya danganta da yadda aka saita ƙwanƙwasar. Ki gaya wa iyayen yaran, in sun ga hoto ya tsaya su jira, kada su fita daga ajin.

Baban Khalifa

Malama, duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, irin haɗin da ke gidana ke nan a Kaduna. Ni abin da ya same ni bayan an haɗa zan ba ki labari, don kada ya same ki.

Faibarmu ta yanke wata ranar Juma'a da rana, na'urar ta juya kan sim lami lafiya, har babu wanda ya lura a gidan. Ni ma ban sani ba. Ranar Lahadi da daddare ina son tura wa wani takardu, intanet ya tsaya cak. Na duba, gigabait 40 da na zuba don ta kai ni wata biyu ta ƙare ƙarƙaf. Dalili kuwa, wayoyi da talabijin ba su san an koma kan data mai ƙidaya ba. Su dai Wi-Fi ɗin gida suke gani, wanda suka saba ci ba awo. Yara sun wuni kan katun, Netflix kuma in hoto mai kyau ne yana iya cin kusan gigabait 3 a awa ɗaya. Uwargida ta dawo daga biki da bidiyo fal waya, duk suka hau Google Photos cikin dare. Kwamfutata ita ma ta sauke sabuntawar Windows. Ajin Zoom ɗinki bai kai ko kusa da wannan ci ba, amma shi zai tarar an share kwanon.

Abin da na yi daga baya: na rage gudun da ake bari ya bi ta ƙofar sim, daidai wanda zai ɗauki kiran bidiyo da saƙonni. Na hana talabijin bin wannan ƙofar gaba ɗaya, in faiba ta tafi to kallo ya tafi. A shafin rautar sim kuma akwai inda ake sa iyakar data ta wata, na sa. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ba na wasa da wannan lissafin.

Sai maganar layi. Ki sa sim na kamfani daban da wanda ya ba ki faiba, in yana da layin waya. Ƙarafunan sabis da yawa su ma faiba ce ke ciyar da su a ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci ma a rami ɗaya da taku. Katafila ɗaya ta datse duka, an gudu ba a tsira ba. Ki tabbatar kuma layin an haɗa shi da NIN, ki riƙa saka masa ko ɗan kati ne lokaci-lokaci, domin layin da ya daɗe a ajiye ba a mora ana iya rufe shi, ke kuma ba za ki sani ba sai ranar buƙata.

Akwai ranar da duk wannan ba zai cece ki gaba ɗaya ba. Ranar 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace ta gabar Kwaddibuwa. Bankuna da layuka da yawa sun jigata a ƙasashen Yammacin Afirka. Irin wannan ta fi ƙarfin rautar gida. Amma abin da ke damunmu yau da gobe haƙan titi ne da kwata, shi kuwa sim ɗin na maganinsa.

Ɗan Fagge

Me zai hana Hajiya ta sa Starlink ta huta? Tun Janairun 2023 yake aiki a Najeriya, ba ruwansa da mai haƙa kwata.

Injiniya Sharaɗa

Yana aiki, ban musa ba. Amma a sayi faranti, a riƙa biyan kuɗin wata don abin da za a buƙata kwana uku ko huɗu cikin wata biyu, nauyin ya yi wa malamar makaranta yawa. Rautar sim tana hannunta, ƙaninta ya riga ya kawo. In unguwar ba sabis ne sam, sai a yi wannan maganar.

Yaya Mai Sola

Ƙanwata, ni ta ɓangaren wuta da zafi zan shigo, don nan ne sana'ata.

Na'urorinki sun zama huɗu ke nan: akwatin faiba, mai zaɓar hanya, Archer da rautar sim. In an ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto duk sun mutu, kafin su farfaɗo su kama sabis an ci minti biyu ko uku. Wannan ya fi yankewar faiba yawan faruwa nesa ba kusa ba. Ba su da cin wuta, kowace 'yan watt ne ƙalilan. Ki nemi ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa a Farm Centre ko Beirut Road, mai fitar da 12V da 9V, wanda ke ci gaba da ba su wuta ba tare da ƙiftawa ba. Amma ki karanta abin da aka rubuta a jikin cajar kowace kafin ki jona, kada ki ɗauka duk 12V ne. In kuna da inbata a gidan, ki sa su a layinta shi ke nan.

Na ji daɗi da rauta mai jonawa a wuta ƙaninki ya kawo, ba 'yar ƙaramar MiFi mai batir ba. Na taɓa barin irin wannan a jone dare da rana a shagona. Zafin watan Afrilu ya zo, wata safiya na ga murfin bayanta ya ɗago, batirin ya kumbura kamar fanke. Ba a yi su don zaman dindindin a caji ba.

Wurin ajiye ta kuma yana da muhimmanci ƙwarai. Kada ki sa ta a bayan talabijin don kawai nan sauran suke. Katangar bulo da rufin kwano suna cinye sabis. Ki shiga 192.168.8.1 ta waya, ki nemi shafin bayanan na'ura, za ki ga lamba mai suna RSRP da alamar ragi a gabanta. Kusa da -80 sabis mai kyau ne, -100 an fara jan ƙafa, -110 kuwa wahala ce. Ki ɗauki rautar ki zaga da ita taga-taga kina duba lambar, kada ki dogara da sandunan da ke jikinta. In kin sami wuri mai kyau ki ajiye ta can, inda rana ba ta dukanta, ki ja doguwar wayar LAN, irin wadda ke haɗa rauta da rauta, zuwa falo. Wayar LAN tana kai mita 100 ba ta rage komai ba, wayar eriya kuwa duk tsawon da aka ƙara mata sabis take zubarwa a hanya.

Gwajin kuma ki yi shi a lokacin karatunki. Da hantsi kowane layi gudu yake. Bayan magariba, lokacin da duk unguwa ta hau waya, nan ake sanin na ƙwarai. Ki ari sim biyu ko uku a gidan ki gwada kowanne a wannan lokacin, in rautar ba a kulle take ga layi ɗaya ba.

Malamar Hotoro

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yaya, na yi zagayen da kika ce. A falo -108 nake gani, a tagar ɗakin sama mai kallon gabas ya dawo -89. Layuka biyu na gwada bayan magariba, ɗaya ya riƙe kiran bidiyo da ƙanwata ta Abuja minti ashirin ba yankewa, shi na zaɓa. Injiniya, na duba ko'ina ban ga Bridge Mode ba. Maigida kuma yana tambaya, in an koma kan sim zai iya ganin kyamarori ta wayarsa daga kasuwa?

Injiniya Sharaɗa

Rashin Bridge Mode ba komai, ki bar ta haka. Kyamarori kuwa ya danganta da yadda aka haɗa su. Layukan waya galibi ba sa ba mutum adireshin waje nasa shi kaɗai, mutane da yawa suke tarawa a bayan adireshi ɗaya. In kin duba adireshin WAN na B311 kika ga ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to haka abin yake. A irin wannan, in wanda ya sa kyamarorin buɗe ƙofa ya yi a rauta don a shigo daga waje, ba zai yi aiki a kan sim ba, ko da Bridge Mode. In kuwa ta manhajar kamfanin kyamarar Alhaji yake kallo, irin Hik-Connect, wadda aka haɗa da hoton lambar QR, zai gani lafiya, domin na'urar ce ke fita da kanta ta nemi manhajar. Ya dai rage yawan kallo a ranakun, kyamara huɗu suna shan data.

In an gama haɗawa ki gwada da gaske. Kashe akwatin faiba ba gwaji ba ne, don wannan kowace rauta za ta gane. A bar shi a kunne, a zare siririyar wayar faiba daga jikinsa a hankali, a riƙe ta ta kan roba, kada a lanƙwasa ta, kada a taɓa bakinta da yatsa. Kada kuma kowa ya leƙa cikin bakin da idonsa, hasken da ke ciki ba a ganinsa amma yana iya cutar da ido.

Malamar Hotoro

Na dawo da labari. Ƙanina ya samo na'urar mai ƙofa biyu da batirin rauta, ya zo ranar Asabar muka bi bayaninku ɗaya bayan ɗaya. Maganar PPPoE ta tabbata, sai da muka nemo takardar da aka ba mu ranar sa faiba, tana cikin jakar takardun maigida. Talabijin mun cire shi daga ƙofar sim kamar yadda Baban Khalifa ya ce, na kuma sa iyakar data.

Muka yi gwajin ina kan Zoom da ƙanwata. Ya zare wayar, fitilar LOS ta koma ja, hotonta ya tsaya, na zuba wa agogo ido. Daƙiƙa talatin da 'yan kai sai ga muryarta tana tambaya ko ina jin ta. Da ya mayar da wayar, hoton ya sake ɗan tsayawa, ya koma kan faiba. Maigida ya buɗe manhajar kyamara da datar wayarsa muna kan sim, ya ga ƙofar gida. Na tura wa iyayen yara saƙo cewa in hoto ya tsaya su jira minti ɗaya kafin su fita.

Jiya yarinyar nan ta sake kawo Suratul Mulk daga farko. Na ji ta har aya ta talatin, na sa mata Suratul Ƙalam.